Kazar da Aka Ba Ni a Ƙonni

Tun da muka dawo daga ƙasar Nijar ban sake auna gero cikin natsuwa ba. Duk wanda ya tsuguna gaban buhuna a kasuwar Talata Mafara, kafin ya ce a auna masa sai ya ce, "Malam Isa, wai da gaske an naɗa ka sarki a can?" Wasu kuma kazar suke tambaya. Na gaji da maimaitawa. Abin da ya fi damuna, na lura duk ranar da na ba da labarin sai ya ɗan ƙara ƙiba a bakina, ni kuwa ina tsoron ƙarya. Shi ya sa na ce bari in rubuta shi sau ɗaya in huta. Inda na manta zan ce na manta.

Sai na fara da ƙungiyar, don wanda bai san ta ba ba zai gane abin da ya same ni ba. Sunanta Kwano Ɗaya. Ƙungiyar ƙwallo ce, amma ba attajiri ya kafa ta ba, ba kuma hukuma ba. Mu 'yan kallo muka kafa ta, mu muke sayen ƙwallo, mu muke share fili. 'Yan wasanmu daga Mafara suke da Bakura da ƙauyukan Maradun, irin su Kaya da Faru. Wanda ya tsara mana dokoki shi ne Mande tela, mutumin da kekensa ba ya juyawa sai rediyo na magana. A shekarun nan da aka dawo da siyasa ya rungumi siyasar talakawa har ta fi ƙarfin ɗinkinsa. Idan ka kai masa wando sai ka ji tarihin zalunci tun daga zuwan Turawa kafin ya auna ƙugunka.

Dokokin ba su da yawa. Ba mu da shugaba. Komai da ɗaga hannu ake yanke shi, har wanda zai buga da wanda zai zauna. Ba a cewa kowa "ranka ya daɗe", sai dai "ɗan'uwa". Babbar dokar kuwa ita ce ta abinci: ɗan hakimi da ɗan mahauci da maƙeri da Bafulatani duk hannunsu a wuri ɗaya, wanda ya ware ya ci shi kaɗai da son ransa ya fita daga ƙungiya. Gaskiyar magana ba kwano ɗaya ba ne, daro ne manya guda uku na Inna Tumba mai tuwo, amma Mande ya ce ba ƙarfen ake nufi ba. Ita ma Inna Tumba tana da hannu a taronmu kamar kowa. Mande yakan yi alfahari cewa mun riga gwamnati bai wa mace ƙuri'a.

Ni aikina ƙirga hannuwa. An ba ni ne saboda an san yadda nake awo, idan na ga ƙwaya ta zube sai na sake tiyar daga farko. Ban taɓa ɗaga nawa hannun ba, don ina ganin mai ƙirga bai kamata ya ƙirga kansa ba.

Matsalar da muka tafi da ita cikin mota sunanta Bawa. Shi ne golanmu, ɗan Damaga, dogo mai hannuwa kamar an ƙara musu tsawo. Da aikin madatsar Bakolori ya kankama sai ya samu aiki a kamfani yana tuƙa katafila. Da aka zo baje gonakin fadama don a ja hanyoyin ruwa, aka tura shi wajen Bakura, ya bi ta kan gonar Baba Jabbi da dawa a tsaye, ta kusa nuna. Baba Jabbi shi ne dattijon 'yan kallonmu, bai taɓa fashin wasa ba. Har ranar da muka tashi bai ga diyya ba, bai kuma ga wata gonar ba.

An yi taro a kan Bawa. Mande ya ce a kore shi. Bawa ya ce, "In ban tuƙa ba wani za ya tuƙa. Ni ma gonar ubana tana ƙarƙashin ruwa."

Mande ya ce, "Haka kowane ɗan koren azzalumi ke cewa."

Amma ba mu da wani gola, ga shi mun riga mun amsa gayyatar wasa daga mutanen Ƙonni, can ƙasar Nijar. Sai aka yi abin da ake yi idan ana son tuwo ana ƙin mai dafa shi: aka ce Bawa zai tsare gida, amma ba zai sa hannu a daro ba, duk wanda ya ci da shi ya fita, sannan in an gama wasan Ƙonni a ɗaga hannu a kan korarsa gaba ɗaya. Na ce ai kuwa in ya ci shi kaɗai ya karya babbar doka. Mande ya ce a'a, wannan hukunci ne, dokar tana maganar wanda ya ware da son ransa. Na riƙe wannan a raina, don ni ba na iya mantawa da irin waɗannan abubuwa ko na so.

Mun tashi da hantsi a gingimari mai bodin katako, mu kusan talatin, da daro da buhun garin dawa da ƙwallonmu guda, wanda aka damƙa a hannuna. Inna Tumba aka sa a gaba kusa da direba, bayan an ɗaga hannu. Bawa ya zauna can ƙarshen bodi, wajen da ƙura ke shiga. Ba wanda ya ce ya zauna can.

Tun kafin mahaɗar Bakura, inda muka ɗauki sauran 'yan wasa da Baba Jabbi, direba ya fara gane irin kayan da ya ɗauko. Wani ya ce yana jin fitsari. Maimakon a buga bodi a tsaya, Mande ya ce a ɗaga hannu. Mota na tsalle, hannuwa na tashi suna sauka don kowa na neman abin kamawa, na ƙirga na sake ƙirgawa ban samu abu ɗaya ba. Kafin in gama mai fitsarin ya ce a bari, ya fasa. Ban tambaye shi yadda aka yi ya fasa ba. Direba ya leƙo ta taga ya ce, "Motata ba majalisa ba ce. Mai son tsayawa ya buga katako."

Gaba da Tureta mota ta mutu a kan hawa. Wasu suka ce 'yan wasa su zauna a inuwa su adana ƙafa, mu 'yan kallo mu tura. Mande ya ce wannan shi ne mafarin sarauta. Kowa ya tura. Babban ɗan wasanmu na gaba ya taka ƙaya, ya yi ɗingishi har muka dawo gida. Bawa ne ya buɗe gaban motar ya taɓa wani abu ta tashi. Ba wanda ya ce masa sannu sai direba, shi da ba ɗan ƙungiya ba.

A Sakkwato muka yi azahar. Na tsaya ina wasiwasi ko tafiyarmu ta kai a yi ƙasaru, tun da tafiyar ƙwallo ce ba ta fatauci ko ziyara ba. Na tambayi wani malami a bakin masallaci. Ya dube ni ya ce, "Ƙwallo?" Ya shige ciki. Sai na cika sallata, in ya so in an yi kuskure a yi shi wajen ƙari. A nan Inna Tumba ta buɗe dambun da ta taho da shi. Muka kewaye daro. Ta zuba wa Bawa nasa a murfin tukunya, ya juya mana baya ya ci a gindin taya. Ta ce da mu, "Ku dai kun iya abin kunya," amma ita ma ta ɗaga hannu ranar da aka yanke hukuncin, na ƙirga ta.

Muka kwana a Illela a tashar mota, ba abin da ya faru sai sauro. Da safe direba ya ce sai ya gyara wani abu, gyaran ya kai mu tsakar rana. A ɓangarenmu na iyaka ba a tsare mu ba. Ma'aikacin ya leƙa ya ga daro da tsofaffi ya ce mu wuce. Ni ne dai na ga bai duba ƙwallon ba, na ji tsoron kada daga baya a ce mun ɓoye wani abu a ciki. Na sauka na sace iskarsa a gabansa, na matse shi ya gani. Ya ce, "Wa ya tambaye ka?" Sai a lokacin aka tuna famfon hura ƙwallo yana Mafara. Na koma da ƙafa cikin Illela neman mai gyaran keke, ana ta yi mini addu'o'in da ba zan rubuta ba.

Wannan jinkirin ya sa muka isa ɓangaren Nijar an rufe. Mutanen can suna da wata al'ada: rana na take tsakiya sai kowane ma'aikaci ya rufe ofis ya je ya kwanta, ko da kuwa gawa aka ɗauko. Mu a gida ma'aikaci ba ya rufewa, barin kujerar kawai yake yi a ce ya zagaya. Ban san wanne ya fi ba, amma su aƙalla ka san ba ya nan.

Da la'asar ta kusa jandarma ya fito, wato ɗan sandansu, da gajeren wando da hula mai baki. Hausarsa ta fi tawa. Mai masaukinmu ma ya iso, Alhaji Illo, falken albasa da ke zuwa kasuwarmu, shi ya haɗa wasan. Aka gaisa aka sake gaisawa, don su hannu ba ya gajiya da musabaha. Sai jandarma ya ce, "Wa ne shef ɗinku?"

Mande ya gyara tsayuwa. Ya ce ba mu da shugaba, kowa shugaban kansa ne, talaka ya gaji da ɗaukar wani a wuya. Ya yi nisa sosai. Jandarma ya saurare shi har ƙarshe, yana sakace haƙori. Sannan ya ce, "To madalla. Ni dai mota ba ta wucewa sai an ba ni mutum ɗaya wanda zan rufe in waninku ya yi ɓarna."

Aka dubi Mande. Mande ya ce aƙidarsa ba ta yarda ya riƙe muƙami ba. Aka ce to a ɗaga hannu. Ni ban ji sunan da aka ambata ba, ina can ina duba ko ƙwallon yana sakin iska. Na ɗago na fara ƙirga kamar kullum, na ga ba a taɓa samun haɗin kai irin wannan ba, har Bawa ya ɗaga. Na ce, "An amince. Wa ke nan?"

Inna Tumba ta ce, "Kai na, ɗan nan."

Na ce ni mai awo ne. Na ce idan na ce ni shugaba ne alhali ba mu da shugaba, na yi ƙarya a gaban hukuma. Mande ya ce ba ƙarya ba ce tun da jama'a ta zaɓa. Jandarma ya tambayi sunana da na ubana, ya dube ni sosai kamar mai son ya haddace fuskata, ya ɗaga sandar da ta tare hanya. Daga nan har muka bar ƙasar ban sake kallon 'yan ƙungiyarmu a matsayin 'yan'uwa ba. Kowa na gani sai in ga dalilin ɗaurina.

An sauke mu a wata makarantar boko, aji guda, aka ture bencina aka shimfiɗa tabarmi. Ni kuwa Alhaji Illo ya ja ni wani ɗaki mai gadon ƙarfe da gidan sauro, ya ce na Shef ne. Na waiwaya na ga Mande yana kallona. Ba mu da doka a kan gado, na bincika a raina ban samu ba, amma na ce bayana ba ya son katifa, na koma tabarma. Alhaji bai ji daɗi ba. Na ga hakan a fuskarsa, abin ya tsaya mini.

Wajen faɗuwar rana na ɗauki buta zan zagaya, sai na ji an busa ƙaho. Duk garin ya tsaya cak. Mai keke ya sauke ƙafa, mai tallan goro ta tsaya da faranti a ka. Ashe tuta ake saukewa, kuma a can duk wanda ya motsa a lokacin ya ga ta kansa. Na tsaya da ƙafa ɗaya a gaba da buta a hannu. Ba na tsoron kaina kamar yadda nake tsoron namu, don na hango Baba Jabbi yana tafe abinsa yana tofar da goro. Allah ya sa ba a gan shi ba.

Da safe aka kawo mana burodinsu, dogo kamar sandar makiyayi, mai tauri a baya, da wani baƙin ruwa mai ɗaci da suke ce wa kafe. Na tambaya ko da me ake kwaɓa burodin, aka ce fulawa, na sake tambayar wani don in tabbatar. Baba Jabbi ya ƙwanƙwasa nasa a benci ya ce wannan sai a kai wa jaki. Mande ya fita wajen mai shayi don ya wayar da kan talakawan Ƙonni. A lokacin soja ke mulkinsu, ba jam'iyya ba taro. Yana fara magana mutane suka riƙa tuna suna da aiki. Wani tsoho ya ce masa, "Baƙo, sha shayinka. Nan ba a wagga magana." Ya dawo yana cewa ba su waye ba. Ni na gode wa Allah, don da sun waye ni za a rufe.

Wasan da la'asar aka yi. Filinsu ya fi namu, har da raga a bayan gola. 'Yan kallonsu a jere suke, da makaɗa, da sarkin samari riƙe da bulala yana tsara su. Mu a gida kowa inda ya ga dama yake tsayawa, wani lokaci har cikin fili. Akwai rumfa ta manya da kujerun ƙarfe, can aka kai ni, tsakanin wani mai rawani da wani mai kaki. Na zauna a bakin kujera, yadda in an tambaya zan iya cewa ban zauna sosai ba.

Ba zan yi ƙarya ba, sun fi mu. Ɗan wasanmu na gaba yana ɗingishi, sauran burodi ya riƙe musu ciki. Ƙwallo bai bar gidanmu ba. Bawa ya kama na sama, ya kama na ƙasa, ya doke wani da gwiwa. Mutanen Ƙonni suna ta yi masa tafi, makaɗansu har suka juya suna yi masa kiɗa. Namu kuwa shiru, don ba a yi wa wanda ke cikin hukunci tafi. Baba Jabbi ya rantse ba zai kalle shi ba, duk lokacin da ƙwallo ya nufi Bawa sai ya juya baya. Ta haka ya yi kusan duk wasan yana kallon katangar makaranta. Inna Tumba ta gaya mini daga baya cewa in ya ji ihu sai ya ce, "Ya kama?" Ta ce, "Ya kama." Ya ce, "Allah wadai." Can kuma ya sake cewa, "Wanga hwa?"

Gab da tashi alƙalin wasa ya ba su bugun daga kai sai gola. Ban san dalili ba, da Faransanci ya yi bayani. Bawa ya tare da hannun dama, na ji ƙarar daga rumfa. Aka tashi ba ci. Ya fito yana riƙe da hannun, yatsu biyu sun kumbura.

Kafin magariba aka kawo abincin girmamawa a farfajiyar makaranta. Matan gidan Alhaji Illo suka cika daronmu uku da tuwon gero da miyar kuɓewa, suka ja Inna Tumba cikin gida ta ci da su. 'Yan'uwa suka kewaye daro. Bawa ya ɗauki murfin tukunyarsa ya koma gindin wani bedi, wato darbejiya. Ni ma na wanke hannu zan tsuguna, sai Alhaji Illo ya riƙo ni. An shimfiɗa wata tabarma dabam, a kanta wani babban kwano mai murfi da zanen furanni. Ya buɗe. Shinkafa ce da kaza guda, ƙatuwa, ta sha mai da albasa. Ƙamshin ya sa duk wanda ke bakin daro ya daina tauna.

Ya ce, "Na Shef ne. Uwargida ta dafa da hannunta."

Na ce a juye a daro kowa ya samu. Ya ce a garinsu ba a juye kwanon baƙo, zagin mai dafawa ne. Na ce to ya zauna mu ci tare. Ya ce mai gida ba ya sa hannu a kwanon baƙonsa. Na juya wajen 'yan'uwa na ce wani ya zo ya taya ni. Na ga mutum uku sun fara miƙewa. Mande ya ce, "Wannan kwanon manya ne. Wanda ya bar daron talakawa ya je can, ya san inda ya koma." Suka zauna.

Mutane suna cewa wai na yi jarumtaka. Ba haka ba ne, lissafi na yi. In na ci ni kaɗai na fita daga ƙungiyar da ba ni da wata. In na ƙi ci na kunyata mutumin da ya tsaya mana a iyaka, bayan na riga na ƙi gadonsa. Mutum ɗaya ne a wurin da ba a bakin daro yake ba, shi ma in na ci da shi na fita. Ko ta ina dai na fita. Ina cikin wannan sai na hango Bawa yana ƙoƙarin yanko tuwo da hannun da ya kumbura, lomar tana faɗuwa. Ba zai ci da hagu ba, ba kuma zai roƙi kowa ba. Na ce a raina, tun da korar ta tabbata, gara wadda ba a zagi matar mutane ba.

Na ɗauki kwanon da tabarmar na kai gindin bedi. Bawa ya ce, "Malam Isa, za su kore ka."

Na ce, "Na sani. Bari in yaga maka."

Alhaji Illo bai san komai ba, ya ɗauka Shef ne ke karrama gwanin wasa, har ya yi murmushi. Mande ya ce da ƙarfi, "An gani." Ni ban ji ɗanɗanon komai ba.

Sai Baba Jabbi ya miƙe da sandarsa. Ya taho a hankali. Na tabbata dukan Bawa zai yi, na fara tunanin ɗakin da jandarma zai sa ni. Ya tsaya a kanmu, ya dubi cinyar da na yaga na ajiye a gaban Bawa.

Ya ce, "Kai, Bawa. Ka ci dawata tana tsaye. Yau kuma ka ci cinya ina kallo?"

Baba Jabbi ya jingina sandar, ya tsuguna, ya ɗauke cinyar.

Ya ce, "Ban yahe ba. Matsa."

Abin da ya biyo baya ban iya tsara shi ba. Na dai ga hannuwa. Mutum kusan talatin a kan kaza ɗaya, wani fiffike, wani fata, wani man da ke gefen kwano. Da ta ƙare ba wanda ya koma inda ya taso, sai suka jawo daro biyu zuwa gindin bedi aka ci gaba. Wani ya riƙa yanka wa Bawa loma yana ajiye masa a gefe. Mande ya riƙe daro na uku da hannu biyu, ya zauna inda yake, ya ci tuwonsa yana kallonmu ɗaya bayan ɗaya.

Da safe, kafin mu hau mota, ya kira taro. Ya ce a ɗaga hannu a kan korar Bawa, da ni, da duk wanda ya ci amanar doka. Na ce kafin in ƙirga sai na san wa ke da hannu, don ɗan ƙungiya kaɗai ke ɗagawa. Na ce wanda bai ci da Bawa ba ya matso. Ba wanda ya motsa sai Mande. Ya ce to shi ke nan, shi kaɗai ya rage, shi zai yanke.

Inna Tumba tana ɗaure tukwanenta. Ba ta ko juyo ba ta ce, "Mande, kai da wa ka ci jiya?"

Aka juyo ana tambayata abin da doka ta ce.

Ban so in faɗa ba, amma an tambaye ni, kuma da bakinsa ya yi mini bayanin dokar. Na ce wanda ya ware ya ci shi kaɗai da son ransa ya fita. Ba wanda ya hukunta Mande. Da son ransa ya zauna.

Aka duba aka ga duk Kwano Ɗaya mutum ɗaya ya rage a ciki, wadda ta ci da matan gidan Alhaji. Inna Tumba ta miƙe ta kakkaɓe zane. Ta ce tana kawo shawara a maido da kowa, har Bawa, a kuma jefar da murfin tukunyar nan don ta gaji da wanke shi dabam. Ta ɗaga ludayi. Na ƙirga, ɗaya. Na tambaya ko akwai mai ja, na jira yadda aka saba. Babu.

Mande ya ce mutum ɗaya ya yanke wa jama'a hukunci, wannan mulkin kama-karya ne.

Ta ce, "In kana da ja ka ɗaga hannu."

Ya ce ai an kore shi.

Ta ce, "To yi shiru. An maido ka. Ɗauko daro."

A iyaka na nuna wa jandarma kaina, na ce ga mu ba ɓarna. Bai ma tuna ni ba. Muna tsallakawa na sa aka tsaya aka ɗaga hannu aka sauke ni daga shugabanci, don kada in koma gida da shi a wuya. Direba ya kifa kansa a sitiyari har muka gama.

Da rana ta yi sanyi washegari muka iso wajen Bakura, inda Baba Jabbi zai sauka. Nan ne aka baje. Ƙasa ja shimfiɗe har iya ganinka, ba itace, ba kunyar shuka, ba iyakar gona, sai turakun siminti jefi-jefi. Baba Jabbi ya buga katako, direba ya tsaya. Ya miƙe ya riƙe bodi yana dubawa gabas, yana dubawa arewa. Ya daɗe. Na gane gonarsa yake nema, wadda ya noma tun yana saurayi, kuma bai gane wurin ba.

Ba tare da ya juyo ba ya ce, "Kai. Ina take?"

Bawa ya taso daga ƙarshen mota ya tsaya kusa da shi. Ya miƙa hannun da ke ɗaure da tsumma. Ya ce, "Ga ta can, Baba. Daga turken nan na biyu. Tsamiyar gonarka a da tana inda ƙasa ta ɗan yi duhu."

Baba Jabbi ya kalli wurin. Can ya ɗauki sandarsa da sauran dogon burodin da ya ce zai kai wa jakinsa, aka taimaka masa ya sauka. Ya yi 'yan taku ya tsaya.

Ya ce, "Bawa, ban yahe ba."

"Na sani, Baba."

"Ka kai hannun nan ga mai ɗori tun yau. Ran Juma'a muna da wasa da Maradun."